Mai Taunar Haƙora a Gidan Mo

Daga jirgi, tara ga wata na uku

A-Fen, Lanfen 'yata,

Ubanki ne, Mo Shuigen, wanda ya tsaya a aji huɗu saboda malamin ya gaji da shi. Da fatan kina lafiya, kina cin abinci kan lokaci, kuma tarin nan da kika zo da shi gida bara ya sake ki. Ni lafiyata ƙalau. Yatsuna goma cif, na ƙirga su yau da safe. A jirgin kamun kifin nan ba kowa ne zai iya rubuta wa 'yarsa haka ba.

Jirgin da yake kawo mana mai da shinkafa ya kwashe kifi zai iso jibi, shi zai tafi da takardar nan. Don haka bari in faɗi abin kunyar tun da wuri. Na dafa robar.

Robar haƙoran nan da kika yi mini da hannunki a wurin aikinku, kika ce in riƙa sa ta in zan kwanta. Kin ce da ruwan sanyi ake wanke ta. Kin faɗa sau biyu, har na ce miki ni ba yaro ba ne. To, wata takwas ina bi. Ran nan ta faɗo daga gadona ta gangara cikin ruwan da yake kwance a ƙasan ɗaki, wanda takalman mutum takwas suke jiƙa a ciki. Na ɗauka na dube ta. Ke kin san mu, ko a gidan abinci mai ƙyalli ba ma kai kwano baki sai mun ɗauraye shi da tafasasshen shayi. Ina kuma ga abin da zan kwana da shi a baki? Na je wurin Tsoho Tan, mai dafa mana abinci, na ce ya sam mini ruwan zafi. Na jefa ta a kofi, na zuba, na tsaya ina jin kaina mutum mai tsabta. A-Fen, a kan idona ta nannaɗe kamar kunnen alade a tukunya. Tan ya leƙo ya ce, "Mo, in sa maka gishiri, ko haka za ka ci?"

Tun tana da ɗumi na cusa ta a baki na cije, ko za ta koma yadda take. Na ƙona dasashi, ita kuma ta fito da siffar wani bakin da ba nawa ba.

Kin san aikinmu na dare ne, a kunna fitilu kifin tawada, mai hannuwa da yawa ɗin nan, ya taso, mu yi ta ja har gari ya waye. Barcinmu daga hantsi ne zuwa ƙarfe biyu, awa huɗu in kyaftin ya tashi da fara'a. Mai awa huɗu ba ya yafe minti ɗaya. Dogo Lu, wanda gadonsa yake saman nawa, ya ce ƙarar taunar haƙorana kamar ana jan buhun tsakuwa a kan ƙarfe. Jiya ya zuro kai ya ce, "Tsoho, wa kake taunawa ne? Faɗa mini sunansa in taya ka, mu gama da shi mu yi barci."

Ashe gado kika yi! Na yi ta dariya ni kaɗai. Kin tuna kina 'yar shekara shida, kakarki ta sa aka dafa wutsiyar alade, aka tsayar da ke bayan ƙofa ki cinye ba mai ganinki, wai maganin taunar haƙora? Kina kuka kina gwaguya, maiƙo har gwiwar hannu. Da takalmin da ake ɗan taɓa miki baki da shi in kin fara? Ashe ni ya kamata a tsayar a bayan ƙofar. Kin cinye mini nama, yarinya.

In zubin bakina na farar ƙasa yana nan a wurinki, ki taimaka ki yi mini wata. Ki aika ofishin kamfani a tashar jirgi, za su sa a jirgi mai zuwa. In kin yi waya gida ki gaida Kaka da Baffanki Shuiwang.

Ubanki mai dafa roba.

Daga jirgi, sha huɗu ga wata na shida

A-Fen,

Da fatan kina lafiya. Yanzu can zafi ya sauka, kar ki riƙa kwana a bakin fanka da jiƙaƙƙen gashi. Nan sanyi ne, har ƙanƙara take kama igiya.

Jirgin kaya ya zo. Kowa ya samu wani abu. Tan ya samu busasshen barkono, Lu ya samu takardar matarsa mai shafi shida, duk zagi, yana ta sumbatar ta. Ni na tsaya har aka zazzage buhun aka kakkaɓe. Na ce da kaina ofishin nan ba su san aikinsu ba, sun ɓatar. Na ma je na tambayi mai buhun ko akwai wani Mo a wani jirgin, mai sa'a, da yake barci da robata.

Labarin lafiya: yatsu suna nan. Haƙora ne suka ragu.

Wata uku ke nan ina niƙa ba kariya. Ina tashi muƙamuƙi a sanƙare, sai na sa hannu na taimaka masa kafin ya buɗe. Kai yana sara daga kunne zuwa kunne. Na gwada cusa tawul, na farka ina shaƙewa. Na gwada guntun bututun roba na ɗakin inji, na kwana uku ina ɗanɗanon baƙin mai. A watan jiya turmin ƙasa na hagu ya tsage ina cikin barci, na farka da tsakuwa a baki, ashe tawa ce. Kunci ya kumbura har ido ya rufe. Tan ya ba ni rabin kofin giya, ya tafasa filaya (kin ga inda ruwan zafi yake da amfani), Lu ya zauna mini a ƙirji. Ina ganin ya daɗe yana jiran ranar. Tan ya ja, ya duba, ya ce, "Af, ba shi ba ne, maƙwabcinsa ne." Ya koma. Biyu suka tafi.

Mutanen ɗaki sun yi shawara, sun kwashe shimfiɗata sun kai lungun da yake jikin ɗakin ƙanƙara. Ba wanda ya ɗaga murya. Lu da kansa ya ɗauko mini bargonsa na biyu ya ce, "Kar ka riƙe mu, Tsoho. Jiya ɗan ɗakinmu Wen ya yi gyangyaɗi a bakin injin ja, saura kaɗan hannunsa ya tafi." Ban riƙe su ba. A lungun ba mai jina sai matattun kifaye, su kuma ba su kai ƙara ba tukuna.

In aiki ne ya yi miki yawa, ba komai. In kuma zubin ya fashe ne, ki faɗa mini kawai. Ko layi biyu ne ki rubuto, don in san ofishin zan zaga ko wa.

Ubanki.

Dongguan, ashirin ga wata na bakwai

Baba,

Ina gaishe ka. Ina lafiya, tarin ya tafi. Na yi baƙin cikin haƙoranka.

Ofis bai ɓatar da komai ba. Takardarka ta farko ta same ni, na karanta, na ajiye, ban amsa ba. Ta biyun ce ta sa na zauna yau.

Ka ce ka yi ta dariya kai kaɗai. Bari in tuna maka sauran labarin, tunda wutsiyar kawai ka riƙe.

Ba ɗan taɓa mini baki ake yi da takalmin ba. Kai kake riƙe fitila, Kaka tana bugawa. Ina farkawa da jini a leɓe, ban san abin da na yi ba. Da safe ta ce yarinyar da take taunar haƙora cikin barci mutuwar iyayenta take nema. Ina da shekara shida na koyi kwanciya da yatsa tsakanin haƙorana don kar in kashe ku.

Mama ta rasu ina da tara. Hanta ce, likitan gunduma ya rubuta, na ga takardar da na girma. Ranar abincin makoki, tebur biyar na dangi, na kawo tulun shayi. Kaka ta nuna ni da tsinken cin abinci ta ce, "Ga ta nan, ta gama da ɗaya. Saura uban." Kowa ya juyo yana kallonka. Na kalle ka ni ma. Ka ce, "Inna, ni ƙashina da tauri, za ta sha aiki." Aka yi dariya. Bayan sati biyu aka kai ni gidan ƙanwar Mama.

Shekara goma sha takwas ke nan. Har yau in na zo bikin sabuwar shekara a ɗakin ajiyar shinkafa ake yi mini shimfiɗa, nesa da naka. Ka taɓa tambayar dalili?

Kwana biyu kafin tafiyarka, da na zaunar da kai na ɗauki awon bakinka, na ga haƙoranka. Aikina ke nan, Baba, baki ɗari nake gani a sati. Fiƙoƙinka sun shafe, turamenka sun yi sumul kamar dutsen rafi. Wannan ba cin shekara ɗaya ba ne, ya fi talatin. Na yi robar na miƙa maka, ina jira ka ce wani abu. Ka sa ta a baki ka yi mini kukan biri.

Ga sabuwa nan a cikin akwatin, daga tsohon zubin na yi ta. Ba sayar maka nake yi ba, taka ce ko ka yi abin da zan roƙa ko ba ka yi ba.

Kaka ta faɗi a bakin rijiya a wata na biyar, ba ta ƙara tashi ba. Baffa ya ce da wuya ta ga sabuwar shekara. Ina so ta ji daga bakinka, tana da rai, a gaban mutanen gidan, cewa ɗanta ne mai taunar, kuma ba ni na kashe Mama ba. Ba tare da wasa ba. Sau ɗaya.

Lanfen.

Daga jirgi, biyu ga wata na goma

Lanfen,

Na gaishe ki. Na ji daɗi da tarin ya tafi. Akwatin ya iso, da takardar. Na karanta ta a lunguna, na sake karantawa, har Tan ya zo nemana don ban fito cin abinci ba.

Robar ba ta shiga. Ba laifinki ba ne. Bakin da kika auna ba shi ne wannan ba. Inda aka cire biyun nan, na kusa da su sun kwanta cikin gurbin, kamar mutanen ɗakinmu da aka fitar da ni. Na danna har hawaye, ta hau gefe ɗaya ta ƙi ɗayan. Na so in rubuta miki cewa ta zauna daidai. Har na rubuta, na yaga.

Tunda na fara yaga ƙarya, bari in ci gaba. Da na rubuta "ashe gado kika yi", ba a jirgi na gano ba. Mamanki ta faɗa mini a watan farko na aurenmu. Ta ce, "Shuigen, ɓera nake aure ko mutum?" Tana cusa auduga a kunne ta kwanta. Kakarki ba ta sani ba, don tun ina ɗan shekara sha biyu nake kwana a gidan mai kwale-kwalen da nake yi wa aiki, kuma abin da girma ya zo mini. Daren farko da aka ɗauko takalmi, Mamanki ta ce in je in faɗa wa Inna gaskiya. Na ce gobe. Ta sake faɗa, na ce yarinya ce, za ta daina, a manta. Ni ne na riƙe fitilar, haka ne. Na riƙe ta ne don in ga kar a buga da ƙarfi. Abin da na gaya wa kaina ke nan shekara ashirin.

Ranar makoki kuwa, da ta nuna ki, abin da ya zo mini shi ne: in tauna tana kisa, wa ya kwana kusa da matar nan shekara goma sha ɗaya? Ban yarda da zancen ba, amma na ji tsoron tebur biyar su juyo kaina. Sai bakina ya yi abin da ya iya. Ina jin dariyar tana tashi ina ganin ki tsaye da tulun. Kin zuba wa kowa shayi har kika gama, ba ki zubar ko ɗigo ba.

Abin da na rubuta a wata na uku, wai haƙuri nake ba ki. Kin ga irin uban da aka ba ki. Ya ɗauko ban haƙuri, kafin ya kai shi baki ya zama wasa.

Na hau wurin kyaftin na ce a sa ni a jirgin kaya, uwata tana bakin mutuwa. Ya ce, "Mo, kowa a jirgin nan uwarsa tana bakin mutuwa in kifi ya yi yawa." Ya ce takardar aikin da na dangwala wa yatsa ta ce sai wata na huɗu, kuma fasfona yana akwatinsa. Na roƙi wayar ɗakinsa minti uku. Ya ce ta kamfani ce. Na tsaya a ƙofar har ya rufe ta da ƙafa.

Don haka na yi abin da ya rage. Na rubuta wa Kaka takarda, shafi ɗaya, na sa a ambulan ɗin Baffanki, na ce ya tara matan gidan da duk wanda yake kusa, ya karanta mata da ƙarfi a kunnen dama. Na ba Tan ya duba mini ko wasa ya saci hanya ya shiga. Ya karanta, ya cire gilashi, ya ce, "Babu. Kamar ba kai ka rubuta ba." Na san kin ce daga bakina. Bakina yana nan tsakiyar ruwa, 'yata, hannun kawai na iya aikowa.

Ubanki, Shuigen.

Dongguan, sha takwas ga wata na sha biyu

Baba,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri, Kaka ta rasu ranar uku ga wata. Ba ta sha wahala a ƙarshe ba. Na je, na samu kwana biyu tana da rai.

Takardarka ta isa hannun Baffa kwana goma sha ɗaya kafin nan. Bai karanta mata ba. Na tambaye shi a bayan gida, ya ce, "A-Fen, tsohuwa tana shan kunu cokali uku a rana, in je in gaya mata ta zalunci jikarta? Ubanki yana teku, shi ba zai ga fuskarta ba, ni zan gani." Na ce to ya ba ni in karanta. Ya ce ba da sunana ta zo ba.

Ranar binnewa, da ake ƙona mata kuɗin takarda da gidan takarda don su same ta a lahira, ya zaro ambulan ɗin ya jefa a wutar. Ya ce yanzu za ta karanta da kanta a can, a natse, ba wanda ya ji kunya. Matan suka ce ya yi tunani. Ba su san abin da yake ciki ba, sun ɗauka bankwana ne.

Kafin ta rasu ta gane ni. Ta kama hannuna ta ce na rame. Sannan ta ce, "Ubanki yana kan ruwa. Ki riƙa ɗaure bakinki da dare." Matar Baffa tana tsaye, da 'ya'yanta.

A ɗakin shinkafa na kwana.

Na karanta abin da ka rubuto mini. Ban san me zan ce a kai ba tukuna. Kar ka ƙara danna robar, za ta karya maka wani. In ka sauka sai an sake awo.

Lanfen.

Daga jirgi, bakwai ga wata na biyu

Lanfen,

Na gaishe ki, da fatan kin koma aiki lafiya. Takardarki ta same ni makon jiya, wata biyu da binne uwata. Tan ya ba ni turare tsinke uku, na kunna a bayan jirgi, na durƙusa ina fuskantar inda Lu ya ce nan ne gida. Iska ta kashe su sau biyu. Na yi kuka, na kuma ji haushinta, na rasa wanne zan fara gamawa.

Kar ki riƙe Baffanki. Abin da ya yi na kwana goma sha ɗaya ni na yi shi shekara ashirin, a wurina ya koya.

Wani haƙorin ya tafi, na gaba ne wannan karon. Yanzu in na ce "shinkafa" sai in yi fito. Kunu nake sha, kamar jariri mai gemu.

Ga abin da yake nan. Jirgi zai shiga tasha wajen ashirin ga wata na huɗu, ranar sharar kaburbura da ake haɗuwa a gida ta riga ta wuce da sati biyu, dangi sun watse. Na lissafa, ba su sake haɗuwa tebur biyar sai cikar shekara da rasuwar Kaka, a wata na sha biyu. Ba zan sake dangwala wa kowa yatsa ba kafin nan, ko da zan yi dako a kasuwar gunduma. Ranar, in an zuba shayi kafin a ɗauki tsinke, zan miƙe. Wadda kika so ta ji ba za ta ji ba, wannan ya wuce ni, ba ni da yadda zan mayar miki da shi. Amma matar Baffanki za ta ji, da 'ya'yanta, da duk wanda ya yi dariya ranar nan kuma yake da rai.

Ba na ce ki zo ba. In kin zo, ni zan kwana a ɗakin shinkafa.

Na fara gwaji, don na san kaina. Bayan an gama ja da safe nakan tsayar da Tan da Lu a bakin murhu, su ne dangi, in faɗa. Ran farko na kai "ni ne mai taunar" sai fiton nan ya fita ta gurbin haƙori, Lu ya fashe da dariya, ni ma na bi shi, na ƙara da kwaikwayon kyaftin. Rana ta biyu ba wanda ya yi dariya, ni da kaina na nemo ta, don shirun ya yi mini nauyi. Tan ya ajiye ludayi ya ce, "Mo, mu biyu ne fa, kuma ba mu san matarka ba. Can mutum hamsin ne."

Yau na kai har sunan Mamanki kafin bakina ya karkace. Saura jimla biyu, taki da tawa: cewa ba ke kika kashe ta ba, da cewa na sani na ɓoye. Ina da wata goma.

Ubanki,
Mo Shuigen.